Ganye, Saiwa da Ƙwayar Asibiti: Tambayoyin Mutanen Zangon Kumasi kan Maganin Maleriya

A gidan da ake dafa jiƙo na tashi. Har gobe mahaifiyata tana da wata baƙar tukunya da ba a miya a cikinta, ta ganye ce kawai. Ni kuma na yi shekaru ina tsaye bayan kanta a wani shagon magani a Aboabo. Saboda haka tambayoyin nan daga gefe biyu suke zo mini: masu saye a shago, da dattawan gida da ke ganin na koma ɗan boko na raina saiwa. Da zarar ruwan Afrilu ya sauka, kududdufai suka cika daga Asawase zuwa Sawaba, sai su dawo kamar ba a taɓa amsa su ba. Ga su nan na tara wuri ɗaya.

Wai me ke faruwa a jiki idan an ce mutum yana da maleriya?

Macen sauro ce, irin wadda ake kira anofilis, take zuba ƙwayar cutar a jini idan ta yi cizo. Ƙwayar takan wuce hanta ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, mutum yana harkokinsa bai san komai ba. Daga nan sai ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta ci abin da ke ciki, ta ninka, ta fasa su, ta shiga wasu. Irin da ya fi yawa a Gana, falsifarum, yana kammala wannan zagaye cikin sa'o'i 48. Fashewar nan ce ke kawo rawar sanyi da zafin jiki da ciwon gaɓoɓi, ita ce kuma ke cinye jini har tafin hannun yaro ya yi fari.

Hausa ta ba mu kalma ɗaya, ƙwaya, ga cutar da ga maganin da ga jinin kansa, sai a yi haƙuri da ni. Abin riƙewa shi ne, ana kiran abu maganin maleriya ne idan yana kashe wannan halitta da ke cikin jini. Abin da ke saukar da zazzaɓi kawai wani aiki yake yi daban, kuma a kan wannan bambanci yawancin amsoshin ƙasa suka tsaya.

Da gaske ne maganin asibitin ma daga itace aka samo shi?

Gaskiya ne, kuma manyan magungunan biyu duka. Na farko kwinin, daga ɓawon itacen sinkona da ke tsirowa a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya. Tun ƙarni na 17 ake kai garin ɓawon Turai ana sha da zazzaɓi. A 1820 wasu masana haɗa magani biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware sinadarin da ke aikin daga cikin ɓawon. Daga ranar aka iya auna shi, a san nawa za a bai wa babba, nawa za a bai wa yaro. Kulorokwin ɗin da iyayenmu suka sha suna susa, a ɗakin bincike aka ƙera shi, amma bin sawun kwinin aka yi.

Na biyu atimisinin, kuma labarinsa ya fi kusa da mu. A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, maleriya tana kashe sojoji kuma kulorokwin ya fara gazawa, sai gwamnatin Sin ta kafa shirin neman sabon magani a asirce. Wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan magani na ƙasarsu. Ganyen da ake kira Artemisia annua yana ta ba su sakamako mai hawa da sauka, yau ya yi, gobe ya ƙi. Sai ta ci karo da bayanin wani mai magani na ƙarni na 4, Ge Hong, wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha. Bai ce a tafasa ba. Ta gane zafi ne ke ɓata abin, ta koma tatsa a yanayi mai sanyi, a 1971 aka dace. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Duk ƙwayar maleriya ta kwana uku da kuke saya yau, ko atimita da lumefantirin ce, ko atesunet da amodiyakwin, rabinta jikar wannan ganye ce. Gana ta bar kulorokwin ta koma irin wannan haɗi a 2004. In Baba ya ce da ni ai komai daga daji yake, ba na musa masa.

To in haka ne, me zai hana in dafa ganyen da kaina in huta da kashe kuɗi?

Awo ne. Yawan atimisinin a cikin ganye yana bin irin shukar, da ƙasar da ta tsiro, da lokacin da aka tsinke ta, da yadda aka shanya. Wani ganyen bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba, wani ya haura kashi 1. Ga shi sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa, ga tafasa mai tsawo tana rage shi. Kofi biyu masu launi ɗaya da ɗaci ɗaya, ɗaya zai iya ninka ɗaya sau goma, kuma harshe ba zai gaya maka ba.

Sai kuma gajeren zamansa a jiki. Atimisinin yana da zafin nama, a zagaye ɗaya yana iya rage ƙwayar cutar ninki dubbai, amma cikin 'yan sa'o'i jiki ya fitar da shi. Shi ya sa ba a ba da shi shi kaɗai. Ana haɗa shi da abokin tafiya mai jimawa a jini, kamar lumefantirin da ke yin kwanaki, domin ya share ragowar. Shayin ganye ba shi da wannan abokin. Yana iya kashe mafi yawa, ka ji daɗin jikinka, 'yan kaɗan da suka tsira su sake taruwa bayan mako biyu ko uku. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce ba ta goyon bayan shan Artemisia a matsayin shayi ko gari don magani ko rigakafin maleriya. Akwai wani dalili da ya wuce lafiyar mutum ɗaya, yana cikin amsar tambayar da ta shafi gazawar magani.

Tazargaden da ake sayarwa a kasuwa ba ita ce ganyen Sin ɗin ba?

Dangi ɗaya ne, amma kama da wane ba ta wane. Dangin Artemisia suna da ɗaruruwan iri, duk masu ƙamshi da ɗaci, kuma annua ce aka sani da atimisinin mai yawa. 'Yar'uwarta ta gabashi da kudancin Afirka, afra, kusan ba ta da shi. Busasshen ƙullin da aka miƙo maka a leda a kasuwar Kejetia, an riga an murje shi, ko masanin tsirrai sai ya duba da kyau kafin ya faɗi irinsa. Sunan tazargade ya ƙara tashi a 2020 da shugaban Madagaska ya fito da wani tsimin Artemisia ya ce maganin korona ne, farashi ya hau, kowa ya zama mai tazargade.

Mece ce nibima, kuma ita ce gangamau?

Nibima sunan da Tonawa, wato mutanen Asante, ke kiran wata shuka ce mai yaɗo, Cryptolepis sanguinolenta. Saiwarta ake amfani da ita. In ka karya ta za ka ga cikinta rawaya shar, ga ɗaci mai kama maƙogwaro, har wasu na ce mata kwinin ɗin Gana. A rubuce-rubucen masana an ba ta sunan gangamau da Hausa, kuma nan rikicin yake, domin da yawa cikinmu in aka ce gangamau kurkum muke nufi, wanda ake sa wa a abinci da gyaran jiki. Rawayar ce ta haɗa su suna, ba dangantaka ba. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta kwana uku tana shan ruwan kurkum da zuma, ita a dole nibima take sha.

A cikin tsirran ƙasar nan babu wadda aka bincika a kan maleriya kamarta. Cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Mampong, wadda aka kafa a 1975 bisa ƙoƙarin Dakta Oku Ampofo, ta daɗe tana haɗa tsiminta. A lura, Mampong ta Akuapem ake nufi, ta kan dutse wajen Akara, ba tamu ta Asante ba. Babban sinadarinta, kiriftolefin, yana kashe falsifarum a ɗakin gwaji, har da irin da ya fi ƙarfin kulorokwin. An kuma gwada ta a jikin mutane: wani bincike da mujallar likitocin Gana ta buga a 2010 ya bai wa marasa lafiya 44 shayin saiwar, sau uku a rana har kwana biyar, fiye da kashi 90 cikin 100 suka warke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina faɗar sa da alfahari.

Amma a dubi waɗanda aka gwada. Mutum 44 ne kacal, masu maleriya mara tsanani, babu ƙananan yara, babu masu ciki, kuma shayin an auna shi a masana'anta, ba a cika tafin hannu aka jefa a tukunya ba.

In tana aiki haka, me ya hana a mai da ita ƙwaya a raba wa duniya?

Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne abin tsoronta. Kiriftolefin yana kutsawa cikin ƙwayar gado ta halitta ya hana ta rabuwa, kuma bai cika bambanta ta cuta da ta mutum ba. Shi ya sa ma masu neman maganin daji suke sha'awar sa. Binciken da aka yi a kan dabbobi, har da na jami'ar KNUST da ke nan garin, ya nuna yana iya taɓa haihuwa da ɗan tayi. Masana suna ta sassaƙa siffar sinadarin ko za a samu wanda ya riƙe ƙarfin ya bar dafin.

Hanyar kuma doguwa ce. Sai abu ya kashe cutar a kwalba, sannan a ɓera, sannan a ga lafiyayyen mutum zai jure shi, sannan a gwada shi a ɗaruruwa da dubbai gefe da gefe da maganin da ake da shi. Yawancin tsirrai a mataki na farko ko na biyu suke tsayawa, wasu don sun gaza, wasu don babu mai zuba kuɗi. Idan kun ji a rediyo an ce bincike ya tabbatar ganye kaza yana kashe maleriya, ku tambaya: a kwalba, a ɓera, ko a mutum?

Dogon yaro fa? Da shi aka rene mu.

Ni ma da shi aka rene ni. Inna takan cika baƙar tukunyar nan da ganyen dogon yaro da na gwanda da na mangwaro, ta yanka lemun tsami, ta jefa ɓawon abarba. In ta tafasa sai a sauke, a zaunar da kai a kujera 'yar tsugune, a lulluɓe ku da bargo kai da tukunyar. Ba ka ganin komai, tururi yana shiga hanci da ido, tana daga waje tana cewa kada ka kuskura ka ɗaga. Ka fito jiƙe sharkaf, a ba ka rabin kofi ka shanye kana yatsina, ka yi barcin da ba ka yi ba kwana biyu. Wanda bai taɓa yin sirace ba ba zai gane daɗin da ake ji bayansa ba.

Ganyen dogon yaro yana da sinadarai irin su gedunin da nimbolid da ke taɓa ƙwayar maleriya a ɗakin gwaji, kuma yana rage zafin jiki da ciwo. Sai dai ba a samu gwaji a jikin mutane da ya nuna yana share cutar daga jini yadda ƙwayar kwana uku ke yi ba. Gumi kuma ba ya fitar da ita, tana cikin jajayen ƙwayoyin jini, ba ta bin ƙofar gashi. Babba mai ƙarfi ya yi siracensa bayan ya sha maganinsa, ya sha ruwa da yawa, ba ni da ja. Man 'ya'yan dogon yaro kuwa a nisanta shi daga bakin jarirai. A Indiya da Malesiya an ga yaran da aka ɗura wa shi suka kama amai da jijjiga, wasu suka rasu.

Amma ni na sha jiƙo na warke sarai. Ƙarya jikina ya yi mini?

Bai yi ba, Alhaji. Abu uku ne ke iya faruwa. Ko dai zazzaɓin ba maleriya ba ne tun farko, mura ce ko gajiya da za ta wuce da kanta. Ko kuma jiƙon ya rage cutar da gaske. Ko jikinka ne ya yi yawancin aikin, domin wanda ya girma a inda sauro ke cizo shekara da shekaru yana da wata garkuwa da ke danne cutar ko da ba ta kawar da ita ba.

Wani gwaji da aka yi da shuwaka a Yuganda ya nuna abin a fili. Yawancin waɗanda suka sha sun ji sauƙi, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai cutar ta bar jininsu gaba ɗaya, kuma a cikinsu ma ta dawo wa da yawa. Sauƙi daban, warkewa daban. Mai yawo da ragowar cuta jininsa na raguwa a hankali, sauron da ya cije shi kuma ya kai wa jikansa da ke kwance kusa da shi. Garkuwar nan ma tana zagwanyewa: ɗan'uwan da ya yi shekaru a Jamus ko Italiya ya dawo hutu, kada ya auna kansa da ku.

Tafashiya, maɗaci, rawaya, rai-ɗore: akwai wanda aka tabbatar?

Duk an gwada su a ɗakin bincike kuma yawancinsu sun nuna wani abu. Maƙwabtanmu sun ɗan matsa gaba. A Burkina Faso akwai shayin da aka yi wa rajista mai ɗauke da saiwar rawaya. A Mali hukumar magungunan gargajiya ta daɗe da wani haɗi da rai-ɗore ke ciki, kuma an gwada ganyen wata ƙaya mai fure rawaya, Argemone mexicana, gefe da gefe da atesunet da amodiyakwin a wani ƙauye mai nisa da asibiti. Yawancin masu shan ganyen ba su buƙaci wani magani ba, amma cutar ta zauna a jinin da yawansu, irin abin da na faɗa a amsar da ta gabata. Masu binciken suna neman abin da ɗan ƙauye zai riƙa kafin ya isa asibiti ne. Mu da ke iya taka ƙafa daga Alabar zuwa asibitin Manhyia ba mu cikin wannan hali.

Ɗaci kuma ba shaida ba ne. Kwinin yana da ɗaci, amma ba ɗacin ne ke kashe cutar ba. 'Ya'yan rai-ɗore da na wannan ƙayar duka suna da dafi.

Sai na yi gwaji? Ai na san maleriyata.

Kowa haka yake cewa, kuma sau da yawa in aka ɗiga jinin sai layi ɗaya ya fito, wato babu maleriya. Gwajin yatsa minti 15 zuwa 20 ne. Ciwon haƙarƙari, ciwon mafitsara, sanƙarau, shawara, duk da zazzaɓi suke farawa, kuma kwana ukun da aka ɓata ana shan maganin maleriya, na ganye ko na asibiti, su ne kwanakin da cutar gaskiya ke samun wuri. Abu ɗaya: gwajin yatsa yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke, don haka in ana son a san ko magani ya ci, sai a duba jini a madubin ɗakin gwaji.

Ina da ciki wata biyu, kuma tsoron ƙwayar asibiti nake ji. Ba gara ganye ba?

A'a, 'yar'uwa, nan kam ba na sassautawa. Ciki yana rage garkuwar da na ambata, cutar kuma tana taruwa a mahaifa ta jawo ƙarancin jini, ɓari, ko haihuwar ɗan da bai kai nauyi ba. Ga shi tsirran da suka fi ƙarfi a kan maleriya su ne aka fi zargi da taɓa ɗan tayi, dubi abin da aka ce game da nibima a sama. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ƙwayar asibiti an bi dubban masu ciki da suka sha ta an ga yadda suka haihu. A da kwinin ake bayarwa a watanni ukun farko. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da atimita da lumefantirin a wannan lokacin ma. Ki je a gwada ki, ki faɗi watannin cikin, su zaɓa miki. Daga wajen wata na huɗu kuma akwai ƙwayar rigakafi da ake ba ku a wajen awo, ki haɗiye a gaban nas, wata-wata.

Yaro ya yi zafi da dare, kakarsa ta ce a ba shi dauri tukuna. Yaya zan yi?

Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba shi da garkuwar kakarsa. Yana iya wasa da safe, da magariba ya fita hayyacinsa. A shekarar 2023 maleriya ta kashe mutum wajen 597,000 a duniya, kusan duka a Afirka, mafi yawansu irin waɗannan yara. In ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya iya zama, ko numfashi ya yi sama-sama, ko fitsari ya yi baƙi, ko ya fara jijjiga, ba a jiran asuba. Kuma ba a ɗura wa mai jijjiga komai a baki, yana iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota. Addu'a ana yin ta a hanya.

Abin da za ki iya gaya wa Hajiya cikin ladabi shi ne allurar da za a yi masa ma ta ganye ce. Atesunet daga atimisinin aka samo shi. An yi wani babban gwaji a kan yara fiye da 5,000 masu maleriya mai tsanani a ƙasashen Afirka 9, asibitin Komfo Anokye na cikin wuraren da aka yi shi, aka buga sakamakon a 2010. Atesunet ya rage mutuwa da fiye da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. Ganyen Sin ya kayar da ɓawon Peru, kuma da 'ya'yan Kumasi aka gano haka.

Zan iya haɗa jiƙo da ƙwayar asibiti don su taru su yi ƙarfi?

Gara a bari. Hanta ɗaya ce ke sarrafa su duka, kuma wasu tsirrai suna sa ta fitar da magani da wuri, wasu su sa ya taru ya yi yawa. Ruwan garehul, babban lemun nan mai ɗaci, ma kaɗai yana canza yawan atimita a jini. Jiƙon da ke sa gudawa ko amai kuwa wanke ƙwayar yake yi kafin ta shiga jiki.

In ana son a taimaka wa atimita da lumefantirin, a ba shi maiƙo, domin da shi yake shiga jini sosai: koko da madara, fura da nono, ko ƙosai biyu. Shan shida ne cikin kwana uku, na biyun bayan sa'o'i 8 da na farko. Wanda ya tsaya a na huɗu don ya ji sauƙi ya ajiye saura domin wani karon, ya mai da ƙwayarsa jiƙo. Kuma in likita ya tambaya me aka sha a gida, a faɗa masa gaskiya, ba kotu ba ce.

Kwalaben da ake talla a tasha da cikin mota fa?

Ku juya kwalbar ku nemi lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna, FDA, da ranar lalacewa, da sunan mai yi da inda yake, da jerin abin da ke ciki. In babu, a mayar masa. In kuma kwalba ɗaya ce ke maganin maleriya da taifot da basir da sanyin mara da ƙarfin maza, ni dai ban taɓa ganin itacen da ya iya wannan aiki duka ba. Masu guje wa giya su kuma duba da kyau, yawancin masu ɗacin nan a barasa ake jiƙa su.

Mai son maganin ganye da gaske yana da ƙofa mai kyau. Tun 2001 KNUST take horar da likitocin tsirrai masu digiri, kuma gwamnati ta buɗe sashen maganin ganye a wasu asibitocinta, har da na Kumasi ta Kudu da na Tafo. A can sai an gwada jininka kafin a ba ka komai, abin da za a ba ka an auna shi, in kuma ciwon ya fi ƙarfinsu ɗaki na gaba za su tura ka.

Habbatus sauda da zuma fa, tunda sun zo a hadisi?

Falalarsu tana nan, ba mai taɓa ta, kuma ni ma ina sha. Amma hadisi ne kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba bai sani ba. Neman wanda ya dace da kowace cuta yana cikin bin umarnin. A sha zuma, a shanye ƙwayar kwana ukun. Jaririn da bai shekara ba dai ba a ba shi zuma.

Ana cewa maganin yanzu ma ya fara gazawa. Ina ruwan ganye da wannan?

Ƙwayar cutar tana koyo. Duk lokacin da ta gamu da magani kaɗan, wanda ya ji mata ciwo bai kashe ta ba, masu taurin kai a cikinta ne ke tsira su hayayyafa. Haka aka rasa kulorokwin: taurin ya fara a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ya shigo gabashin Afirka a 1978, ya iso Gana cikin shekarun 1980, yara da yawa suka tafi kafin a sauya magani. Yanzu an ga falsifarum mai jinkirin mutuwa a gaban atimisinin, da farko a Kambodiya wajen 2008, sannan a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya. Haɗin na kwana uku yana aiki a nan har yanzu.

Shayin Artemisia mai rauni, wanda ake kurɓa kullum don rigakafi, makaranta ce ga cutar. Yana nuna mata makamin kaɗan-kaɗan har ta saba da shi. Kuma makamin nan ɗaya ne da allurar da ake ceton yara da ita a Komfo Anokye.

Akwai abin da zan riƙa sha daga tsirrai don kada ma ta kama ni?

Babu ganyen da aka tabbatar yana hana ta. Lemun kwalba mai ɗaci da ake ce wa tonik yana da kwinin, amma ɗan kaɗan ne, lita guda ba ta kai ko kusa da abin da ke cikin ƙwaya ɗaya ba. Hayaƙin ganye da ɓawon lemu yana korar sauro na ɗan lokaci, shi kuwa anofilis tsakar dare yake aikinsa, bayan hayaƙi ya lafa. Gidan sauro mai magani ya fi su, kuma feshin da ke jikinsa an kwaikwayo shi ne daga sinadarin wani fure da ake nomawa a Kenya. Ku kuma lura da ƙananan kududdufai masu ruwa garau da rana ke bugu, a gefen gini da sawun taya, domin sun fi baƙar kwata haifar da irin wannan sauro.

Ga yara akwai allurar rigakafi. Gana na cikin ƙasashe uku da suka fara ba da ta farko, mai suna RTS,S, a 2019, tare da Kenya da Malawi, bayan an gwada ta a wurare irin su Agogo da Kintampo. A 2023 kuma ita ce ƙasar farko da ta amince da ta biyu, R21. Ba sa hana cutar ɗari bisa ɗari, suna rage ta ne da tsananinta, don haka gidan sauro yana nan daram. Dukansu biyu suna ɗauke da wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki, wanda ake tatsa daga ɓawon wani itacen ƙasar Chile mai kumfa kamar sabulu. Ranar da za ki kai yaro awo, ki tafi da katinsa ki tambayi nas ko lokacin tasa ya yi.